Na Je Kura Da Bunkure, Na Koyo Cefane

Yau ba a madafa za mu zauna ba. Ɗauko mayafinki mu fita, zan kai ki inda na je cikin watan Fabrairu, in nuna miki abin da idona ya gani, gama tun da na komo ban ƙara yin cefane yadda na saba ba.

Bari in fara gaya miki mafarin tafiyar. Kin dai san kukanmu na kullum, watau kuɗin cefane ba su isa. Maigida ya ajiye abin da ya sawwaƙa ya fita nema, ke kuwa ki zauna kina juya su a tafin hannu, kina tunanin yadda za su zama miya. Wata rana da damina na aiki yaro ya sayo mini tumatir, ya komo da guda huɗu a gindin leda, biyu ma sun fara ruɓewa. Na yi ta sababi. Ashe gwaggona da ke aure a Kura, wadda ta zo mana kwana biyu, tana jina daga ɗaki. Sai ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, bar yaron nan ya huta, laifinki ne. Wa ya aike ki neman ɗanyen tumatir da damina? Ki zo wurinmu da rani ki gani." Na ce, "To, Gwaggo, Allah ya kai mu." Da ranin ya zo na cika alkawari.

Daga Kano zuwa Kura kamar mil 20 ne, a kan hanyar Zariya. In kin bar Na'ibawa a baya, ba abin da za ki gani sai halin rani: ƙasa ta bushe, karan dawa a tsaye cikin gonaki, hazo ya rufe itatuwa, awaki suna kiwon ƙura. Amma da kin ƙetare gadar Tamburawa, kin doshi Karfi, sai ki ga kamar an buɗe miki wata ƙasa dabam. Dama da hagu kore shar, iyakar ganinki. Ga alkama ta fid da kai tana kaɗawa, ga albasa layi-layi, ga masara ta yi goyo cikin sanyin hunturu, ga tumatir ya yi ja a jikin uwarsa. Bakin hanya kuwa 'yan mata da samari sun jera kaya, wannan karas, wannan kabeji, wancan gasasshiyar masara. Kai, na ce wa direba ya tsaya, ban san lokacin da na fito ba.

Za ki ce, ina suka sami ruwa, alhali rabon sama da ɗigo tun Oktoba? To, ga asalin abin. Dā can noman rani a ƙasar Kano ɗan lambu ne a bakin rafi ko cikin fadama, mutum ya kafa jigo ya wuni yana ɗaga guga. Zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Bagauda, aka gwada ban ruwa a Kadawa. Da aka ga abin ya yi, sai aka tare Kogin Kano a Tiga. An fara wannan aiki a 1971, aka gama a 1974, daidai shekarun babban farin nan da ya kashe dabbobi ya watsa mutane. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita ke riƙe da aikin. Ƙasar da aka tsara za a shayar a kashi na farko hekta 22,000 ce, cikin yankunan Kura da Bunkure da Garun Malam. Abin sha'awa, ba inji ke tura ruwan ba. Tiga tana bisa, gonakin suna ƙasa, saboda haka ruwan da kansa ya ke gangarowa cikin babbar hanyar da mutanen wurin ke kira kanal, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya iske kowane manomi a bakin gonarsa.

Na sauka gidan Gwaggo a Kura. Garin nan tsohon gari ne na sana'a. Tun kafin zuwan Turawa sunansa ya kai Agadas da bayanta saboda rini da bugu, shi ya sa har yau a ke ce wa baƙin rawanin nan mai ƙyalli ɗan Kura. Yanzu kuwa shinkafa ce ta cika garin. Ko'ina ki bi ki ji ƙarar injin casa, ki ga mata sun ɗora manyan tukwane suna turara shanshera, an baza wata a rana tana shan iska. Da yawansu da wannan sana'a su ke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

Kashegari da sassafe ɗan Gwaggo ya kai ni Kwanar Gafan, gaba da Kura kaɗan, inda babbar kasuwar tumatir ta ke ci da rani. Uwargida, gani ya kori ji. Kwanduna ne a jere har ba ki ganin ƙarshensu, manyan motoci suna lodi za su Ikko da sauran garuruwan kudu, dillalai suna ta kai da kawowa. Na taya wani kwando don in ji. Da aka faɗa mini kuɗinsa sai na yi shiru, ina tuna tumatir huɗun nan nawa na damina. Wani dattijo mai kayan ya ga na yi jugum, ya ce, "Hajiya, ɗauki mana. In rana ta take ban sayar ba, gobe ko kyauta ba mai so." Can gefe kuwa ga tulin wanda ya riga ya lalace, ƙudaje suna bi.

Nan na fahimci abin da Gwaggo ta ke nufi. Shukar tumatir tana son sanyi. A kan yi reno wajen Satumba da Oktoba, a dasa, sa'an nan daga Janairu zuwa Maris kowa ya ɗebo nasa gaba ɗaya, kasuwa ta cika har ta yi amai. Da zafin bazara ya shigo sai fure ya riƙa zubewa bai ƙulla ɗa ba. Da ruwa ya sauka kuma, cuta ta yi yawa, gonakin ma an mai da su na shinkafa. Sai a koma jiran na wasu wurare, irin su ƙasar Jos, ga kuɗin mota a kansa. Manomi ya yi kuka a Fabrairu don araha, ke kuma ki yi kuka a Yuni don tsada, alhali tumatir ɗin ɗaya ne. Wani lokaci ma abin ya kan wuce haka. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, a shekarar ce kuma wata 'yar tsutsa da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har masana'antar ta dakatar da aiki don rashin kaya. Asalin tsutsar nan daga Amurka ta Kudu ta ke, inda shi kansa tumatir ya fito, ta biyo ta Sifen a 2006 kafin ta iso mu. Matan da suka yi tanadi a waccan shekara su ne suka ci jar miya.

Rana ta uku muka nufi Bunkure, gabas da Kura, gidan wata aminiyar Gwaggo. Hanyar duk cikin gonaki ta ke, kina tafe kina ƙetare 'yan gadoji, ruwa yana gudu a ƙarƙashi. Na ga magidanta tsaye cikin kwami da fartanya suna buɗe wa ruwa hanya, na ga yara suna cirar albasa, na ga kankana kwance cikin yabanya kamar tulunan da aka kife. Da muka yi sallama muka shiga, sai na tarar tsakar gida ba wurin taka ƙafa. An kafa gadajen kara, an shimfiɗa tabarmi a kai, an baza yankakken tumatir da tattasai da attaruhu. Tsohuwar ta kai ni ɗakin ajiyarta ta nuna mini buhunan kauɗa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da zogale da aka shanya a inuwa yana nan kore. Na ce, "Iya, duk wannan na sayarwa ne?" Ta yi dariya ta ce, "Rabi na kasuwa, rabi na bakinmu. Ai don tuwon gobe a ke wanke tukunya."

Da dare muna hira na tambaye su yadda su ke tsara girkin mako. Suka dube ni kamar na yi tambayar yara. Su a wurinsu ba a zama a ce gobe za a ci kaza, sa'an nan a tafi nema. Sai an ga abin da ya yi yawa a kasuwa tukuna, shi za a saya, a kansa za a gina mako. Kakanninmu sun san damina ce lokacin ɗanyen kaya, rani kuwa na busasshe. Ruwan Tiga ya juya wannan lissafi wajen kayan miya: yanzu rani ne lokacin ɗanye, ƙarshen bazara da damina su ne lokacin da jar miya ke wuya. Da yawanmu a birni ba mu lura an juya ba, muna ta sayen abu ran da ya fi tsada.

To, ga yadda na tsara nawa makon na rani bisa koyarwarsu, ki gwada ki gani. A ce ran Asabar ki ke cefanen mako. Ki raba kayan kashi uku tun a kasuwa. Kashi na farko masu saurin yaushi, watau latas da alayyafo da kokwamba da nunannen tumatir. Na biyu masu ɗan haƙuri, watau kabeji da karas da koren tattasai da tumatir ɗin da ya fara ja bai gama ba. Na uku masu jimiri, watau albasa da kabewa da dankali. Kada ki sayi tumatir duka nunanne. Ki ce wa mai kaya ya haɗa miki da mai ɗan kore, shi zai nuna a hankali cikin kwando a inuwa, ya tarye ki ran Laraba.

Ran Asabar ɗin, da kin komo kin gaji, ki yi garau-garau da mai da yaji, ki yanka latas da kokwamba da tumatir da albasa ki zuba a kai har su rufe shinkafar. Da yamma ki niƙa nunannen tumatir duka da tattasai da attaruhu da albasa, ki dafa har ruwan ya ƙone, ki soya da mai sosai. Wannan ita ce uwar miyarki ta kwana biyu ko uku. In babu firji, ki riƙa ɗumama ta safe da yamma, kada kuma ki sa cokali mai ruwa a ciki.

Ran Lahadi alayyafo ba zai ƙara kwana ba, saboda haka ki yi faten tsaki da shi da rana, da dare kuma tuwo da miyar ganye, ki ɗebi kaɗan daga uwar miyar nan. Ran Litinin yara suna makaranta, kowa yana sauri, ki dafa taliya ko shinkafa fara, miya tana nan a shirye. Ran Talata ki waiwayi kashi na biyu: ɗan wake, a yanka masa kabeji da albasa, in da hali a sa dafaffen ƙwai. Ran Laraba dambun shinkafa da karas da kabeji da zogale da dakakkiyar gyaɗa. Tumatir mai koren nan ya nuna yanzu, sai ki yi 'yar miyar dage-dage a ci da shi. Ran Alhamis kwando ya kusa komawa wofi, kuɗi ma sun yi ƙasa, to ranar tuwon dawa ce da miyar kuka da daddawa mai kyau, da rana kuwa dafaffen dankali da ƙuli. Ran Jumma'a ki fasa kabewar da ta yi mako tana jira, ki yi miyar taushe, a ci da tuwon sabuwar shinkafar Kura, ko alkubus, ko waina. In za a sayi nama sau ɗaya a mako, ranar nan ce ta dace, don baƙi da 'yan gaisuwar Jumma'a.

Kin ga a cikin kwana bakwai ba a maimaita abinci ba, ba a zubar da ganye ko ɗaya ba, ba a kuma aiki yaro bakin titi sayen na ƙwaya-ƙwaya ba. Sayen ƙwaya-ƙwayan nan shi ke cinye mu, gama ribar mutum uku ko huɗu ki ke biya a kan kowane tumatir.

Amma rani ba ya dawwama. Tun cikin Fabrairu da Maris, sa'ad da kaya ke araha, ki riƙa cire wani abu daga kuɗin kowane mako don tanadi, ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ki sayi tumatir mai tauri, ki wanke, ki tsaga biyu ko huɗu, ki shanya a kan tabarma bisa gado ko rufin soro, ki rufa da yadi marar kauri saboda ƙuda. Kada ki baza a ƙasa ko bakin hanya yadda wasu ke yi, ƙasa da kashin awaki za ki ci. Kamar mako guda zai bushe ƙarau. Ki zuba cikin abu mai murfi, ki ajiye inda laima ba ta kai. Haka tattasai da attaruhu. Albasa kuma wajen Maris da Afrilu ta fi araha, ki zaɓi wadda wuyanta ya bushe, ki baza a inuwa inda iska ke shiga, kina dubawa kina fid da mai ruɓa. Lokacin ne kuma a ke girbin alkama, ki auni 'yar tiya biyu ko uku don finkaso da alkaki da taliyar murji.

Da bazara ta yi tsanani, Afrilu zuwa Mayu, kasuwa ta mangwaro ce da kankana, ki ba yara su sha su ƙoshi. Miya kuwa ki fara haɗa kauɗa da ɗan ɗanyen da ya saura. Ki jiƙa ta cikin ruwan zafi, ki wanke, ki niƙa da albasa mai yawa, ba mai gane bambanci sai wanda aka gaya wa.

Da damina ta kankama, ki saki jar miya ki kama kore. Allah bai bar mu haka ba, lokacin ne rama da yakuwa da tafasa da lalo da zogale da ɗanyar kuɓewa da karkashi ke neman mai ɗauka. Makon damina sai ki gina shi a kansu: yau kwaɗon rama da ƙuli, gobe miyar ɗanyar kuɓewa, jibi fate da yakuwa, gata miyar zogale da gyaɗa, kauɗa kuma ta fito sau biyu a mako don dafa-duka da shinkafa. Kada ki ji kunyar ganye, ki ce abincin talaka ne. Ma'aikatan lafiya suna ta faɗa mana ganye yana taimakon jini, musamman ga mai ciki da mai shayarwa, zogale da karas da kabewa kuma suna da bitamin A, wanda rashinsa ke kawo wa yara dundumi.

Da kaka ta yi, Oktoba zuwa Nuwamba, hatsi ne ke araha: sabon gero, dawa, wake, gyaɗa, shinkafa. Nan ne za ki lallaɓa maigida a auni na watanni, ke kuma ki shanya kuɓewa da kuka da yakuwa. Albasa tana tsada a wannan lokaci, sai ki tuna da wadda kika baza. Ki lura kuma da azumi, gama yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Wanda ya faɗo cikin sanyi ya sami kayan lambu a yalwace, amma sannu a hankali zai koma cikin kaka da damina, tsarin buɗa-baki ma sai ya sake.

Akwai gargaɗi biyu da ba zan ɓoye miki ba. Na farko, manoma suna fesa magani don tsoron tsutsa, kayan kuma suna shan hannu da ƙura kafin su iso gare ki. Duk abin da za a ci ɗanye ki wanke shi da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, ki sa ɗan gishiri, ki cire ganyen kabeji na waje ki yar. Na biyu, in kin kai yara ziyara irin wannan wuri, kada ki bar su su faɗa kanal wanka, komi zafi. Ruwan yana da ƙarfi fiye da yadda ido ke gani, akwai kuma tsargiya a irin waɗannan ruwaye.

Na san za ki ce, ni da ke cikin birni, ko ina cikin kulle, ina ni ina Kwanar Gafan? Ba sai kin je ba. Kayan nan su ne a ke saukewa kowace safiya a 'Yan Kaba da sauran kasuwanninmu, farashinsu kuma yana bin na can. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, maƙwabta ko 'yan adashi, ku tara kuɗi, a aiki mutum ɗaya mai amana ya sayo kwando guda da buhun albasa, ku raba. Mu a layinmu haka muka yi bana. Ki kuma zauna da maigida ki yi masa lissafi a hankali, ki roƙe shi ya riƙa ba ki na mako a dunƙule maimakon na kullum. In ya ga an shiga Yuni miya ba ta sake launi ba, kuɗi kuma ba su ƙaru ba, da kansa zai riƙa tambayarki ko lokacin shanya ya yi.

Ran da zan komo, Gwaggo ta rako ni bakin hanya da kwando ɗaya na tumatir da ɗaurin albasa, matar Bunkure kuma ta aiko mini da ƙullin kauɗa. Na ce, "Gwaggo, wannan ai ya yi mini yawa." Ta ce, "Yau ne ya yi miki yawa. Ki shanya, mu haɗu da damina ki ba ni labari." Ga shi can bisa soro yana bushewa yanzu da na ke rubuta miki wannan.

Ke ma ki hau naki soron tun rana tana da sauran aiki. Wadda ta gwada tsarin nan, ko ta ke da wanda ya fi shi a garinsu, ta rubuto mana don 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya sa albarka a tukwanenmu, ya ba manoma kasuwa, ya ba mazajenmu abin da za su riƙe mu da shi, amin. Sai mako mai zuwa.